Me ya kawo shi dandalinka? Yadda dillalin kamfanonin caca zai karanta niyyar maziyarci

Dillancin kamfanonin caca ta intanet sana'ar la'ada ce. Kana da dandali, mutum ya shigo, ya latsa mahaɗin da ka sa, ya faɗa gidan kamfanin, ya yi rajista, ya zuba kuɗinsa na farko, sannan a rubuta maka wani abu. Duk matakan da suka gabaci na ƙarshen nan ba sa kawo ko sisi. Amma in ka zauna da sabon shiga, abin da zai fara nuna maka shi ne yawan mutanen da suka leƙo dandalinsa a wata, yana murna lambar ta hau. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: su wane ne, kuma me suka rubuta a Google kafin su iso? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ɗauki mutum biyu. Ɗaya ya rubuta "yadda ake buga rulet", wato wasan caca na faifai mai juyawa da 'yar ƙwallo. Ɗayan ya rubuta sunan wani kamfani, ya ƙara da "kwana nawa ake ɗauka kafin a cire kuɗi". A lissafin maziyarta kowannensu kai ɗaya ne. A zahiri na farko ɗalibi ne, mai yiwuwa ma wani fim ya kalla ya ji sha'awar sanin wasan. Na biyu ya riga ya zaɓi kamfani, shakka ɗaya ce ta rage masa. In ka tarbe su da shafi iri ɗaya, mai jerin kamfanoni goma da jan maɓalli a gefen kowanne, ka rasa su duka: ɗalibin bai samu darasi ba, mai shakkar bai samu amsa ba.

Tun a 2002 Andrei Broder, wanda ya yi aiki a injin bincike na AltaVista, ya kasa masu bincike gida uku: mai neman wani dandali takamaimai, mai neman sani, da mai son yin ciniki. Daga baya masu talla suka ƙara na huɗu, wato mai kwatantawa kafin ya saya. Rabon yana nan da amfaninsa, sai dai a wannan sana'ar bai isa ba. Akwai wanda ya zo da ƙorafi saboda an riƙe masa kuɗi. Akwai kuma wanda caca ta riga ta ci masa tuwo a ƙwarya, wanda zan daɗe a kansa a gaba domin shi ne inda dillalai da yawa ke zubar da mutuncinsu.

Inda ake ganin niyyar

Kada ka nemi kalmomin bincike a Google Analytics, manhajar ƙirga maziyartan dandali, ba sa nan. Google ya fara ɓoye su a 2011, zuwa 2013 kusan duka sun ɓace daga rahoton. Wurin da suka rage shi ne Search Console, manhajar Google mai nuna yadda dandalinka ke fitowa a bincike, wanda ke ajiye bayanan wata 16. Buɗe rahoton aiki, ka tace shi da shafi ɗaya, ka sauke jerin kalmomin da suka kawo mutane wannan shafin. Shafi-shafi za ka yi, domin jerin dandali gaba ɗaya yana cakuɗa komai har ka kasa ganin ko wane shafi ne ke karɓar baƙin da ba nasa ba.

Sunan wasa ko sunan kamfani ba ya faɗa maka komai. Ƙananan kalmomin da ke maƙale da shi su ne ke tona asiri, kuma haka abin yake a kowane harshe aka yi binciken. "Mene ne", "yadda ake", "dokokin" na mai koyo ne. "Mafi kyau", "wanne ya fi", "sharhi", "amintacce ne" na mai kwatantawa ne. "Rajista", "lambar bonas", "mafi ƙarancin kuɗin zubawa" na wanda hannunsa ke aljihu ne. "Ya ƙi biya", "an rufe asusuna", "suna neman katin shaida" na mai ƙorafi ne. Ni ina buɗe shafi a Excel, in sa kowace kalma a layinta, in rubuta harafi ɗaya mai nuna niyyarta a gefe. Aiki ne mai gundura, kuma akwai manhajoji irin su Semrush da ke lika wa kalmomi alamar niyya da kansu, amma ba su san cewa "shiga asusu" a wannan sana'ar asara ce ba.

Wannan na "shiga asusu" tarko ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane da yawa ba sa rubuta adireshin kamfani, sai su rubuta sunansa a Google da kalmar shiga. In shafinka ya hau sama a wannan binciken za ka ga mutane sun cika, latse-latse sun yi yawa, la'ada kuwa shiru. Dalili shi ne kamfani na biya ne a kan sabon abokin ciniki, waɗannan kuwa tsofaffi ne masu asusu. Ƙirga su cikin kasuwarka daidai yake da mai shago ya ƙirga masu fakewa ruwan sama a rumfarsa a matsayin masu saye. Ware su daban a lissafi, in ba haka ba za su sa ka ɗauka shafukanka ba sa aiki.

In kalma ta rikita ka, hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta ta da kanka a Google, a tagar sirri, ka saita ƙasar da kake nufi, ka duba abin da ya fito a shafin farko. In bayanai ne da bidiyoyin koyarwa, Google ya gano masu koyo ne ke rubuta ta. In teburan kwatanci ne, masu zaɓe ne. Ya ga halin mutane ninkin-ba-ninkin abin da za ka taɓa gani, don haka kada ka yi gardama da shi ka ce sai shafin talla za ka cusa a inda ake neman darasi.

Kowace niyya da shafinta

Mai koyo a ba shi amsa a sakin layi na farko, ba tare da kewaye-kewaye ba. Kuma a gaya masa gaskiyar lissafi. Rulet ɗin Turai mai sifili ɗaya, rinjayen gidan caca a kansa kashi 2.7 ne cikin ɗari. Na Amurka mai sifili biyu kashi 5.26 ne. Wato a tsawon wasa gida ne ke ci, bambancin kawai shi ne saurin cin. Dillalai na tsoron rubuta wannan kada baƙo ya gudu. A ganina wanda zai gudu saboda jin haka dama ba abokin cinikinka ba ne, wanda ya tsaya kuma ya san inda zai dawo in yana neman magana ba ta 'yan talla ba. Irin wannan shafin ba a auna shi da rajista. Ana auna shi da ko mutum ya karanta har ƙasa, ko ya wuce shafi na biyu, ko ya dawo bayan kwanaki. Mahaɗi ɗaya zuwa shafin kwatanci ya wadatar.

Shafin kwatanci shi ne inda kuɗin yake, kuma shi ne aka fi yi wa aikin ha'inci. Mai kwatantawa abubuwa kaɗan yake son sani: wace hukuma ce ta ba kamfanin lasisi, wace hanya ake zuba kuɗi da cirewa, tsawon lokacin da cirewar ke ɗauka, takardun da za a nema kafin a biya shi, sai sharaɗin bonas, wato kyautar kuɗin wasa da kamfani ke bayarwa. Lasisin Hukumar Caca ta Birtaniya, da na hukumar Malta, da na tsibirin Kurasawo (Curaçao) ba nauyinsu ɗaya ba wajen kare ɗan wasa, kuma mai bincike mai wayo ya san haka. Rubuta sunan hukumar da lambar lasisin, ka je rajistar hukumar ka tabbatar da kanka kafin ka wallafa.

Sharaɗin bonas kuwa a yi masa lissafi a fili. A ce kamfani ya ba da bonas na dala 100 da sharaɗin juya shi sau 35. Ma'anarsa sai mutum ya buga wasannin da jimillarsu ta kai dala 3,500 kafin ya iya cire abin da ya samu daga bonas ɗin. In sharaɗin ya hau kan kuɗin da ya zuba da bonas ɗin a haɗe, kuma ya zuba 100, jimillar ta koma 7,000. Yanzu a ce injin cacar da yake bugawa yana mayar da kashi 96 cikin ɗari na abin da aka zuba masa, wanda shi ne abin da aka saba gani. Kashi 4 na 3,500 dala 140 ke nan. Asarar da lissafi ya hango ta fi bonas ɗin kansa. Irin wannan ne ya sa a 2025 Hukumar Caca ta Birtaniya ta sanar da taƙaita sharaɗin zuwa sau 10. Teburin da ya jera kamfanoni bisa girman bonas kawai yana jawo latsawa da yawa, sannan mutum ya isa can ya karanta ƙananan rubutu ya ji an yaudare shi. Wanda ya jera su bisa abin da bonas ɗin ke nufi a aljihu latsawarsa kaɗan ce, amma masu latsawar sun san abin da suka taka.

Wani abu kuma: faɗi cewa kana karɓar la'ada, a saman shafi, da harshen da kowa zai gane. Ƙasashe da yawa sun wajabta haka, kuma tun 2019 Google ya fito da alamar da ake sa wa mahaɗin talla a cikin rubutun da ake gina shafi da shi. In kamfanin da ya fi biyanka shi ne kullum na ɗaya a kowane teburi, masu karatu na lura.

Wanda ya shirya yin rajista ba ya bukatar dogon bayani. Gajeren shafi mai saurin buɗewa a waya, sharuɗɗa a bayyane, maɓalli ɗaya. Abin da ke kashe ciniki a nan yawanci ƙasa ce. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana cacar wasanni a watan Mayun 2018, kowace jiha ke yanke nata hukunci, don haka kamfanin da ke halal a wata jiha na iya zama haramtacce a maƙwabciyarta. Brazil ta buɗe kasuwarta mai lasisi a ranar 1 ga Janairun 2025, kuma kamfanonin da aka amince da su adireshinsu na ƙarewa da .bet.br. Italiya ta haramta tallan caca da dokar 2018. Netherlands ta hana tallan da ba a keɓe masu ganinsa ba daga Yulin 2023. Dole shafinka ya duba ƙasar maziyarci ya nuna masa abin da ya halatta a can kawai, in babu kuma ya gaya masa babu. Tura mutum kamfanin da ba shi da izinin karɓarsa ba ciniki ba ne, neman rigima ne da hukuma da kuma kamfanin.

Mai ƙorafi kada ka tarbe shi da tallan wani kamfani a layin farko. Bayyana masa dalilin da ya sa ake neman katin shaida da takardar adireshi, matakan shigar da ƙara a kamfanin, da hukumar da zai je in ba a saurare shi ba. Ƙorafe-ƙorafen nan ma labari ne gare ka: in kalmar "ya ƙi biya" ta fara yawa tare da sunan kamfanin da ke saman teburinka, sauke shi tun kafin ya ja ka ƙasa.

Bin sawu har ƙarshen sarƙa

Duk wannan hasashe ne sai ka iya haɗa la'ada da shafin da ya haife ta. Manhajojin da kamfanoni ke gudanar da dillalansu da su, irin su Income Access, NetRefer da MyAffiliates, suna ba ka damar maƙala 'yar alama ta kanka a ƙarshen mahaɗi. Yi amfani da ita. Kowane shafi da alamarsa, kai har maɓallin sama da na ƙasa a shafi ɗaya a bambanta su. In kamfani na iya aiko maka da sanarwa kai tsaye daga sabarsa zuwa taka duk lokacin da aka yi rajista ko aka zuba kuɗi, nemi a kunna maka. Dogaro da kukis kaɗai, wato ƙananan bayanan da burauza ke ajiyewa don gane maziyarci, ya raunana tun 2019, lokacin da burauzar Safari ta rage wa wasu daga cikinsu rai zuwa kwana bakwai, kuma mai kwatantawa yakan yi mako biyu yana tunani.

Da zarar alamomin sun fara aiki za ka ga inda sarƙar ke tsinkewa, kuma kowane wurin tsinkewa da cutarsa. Mutane sun shigo amma ba sa latsawa: ko shafin bai amsa abin da suka zo nema ba, ko masu koyo ne kake auna su da ma'aunin masu saye. A nan faifan motsin maziyarta na Microsoft Clarity, wanda kyauta ne, yana nuna maka inda suka tsaya da inda suka juya. Sun latsa amma ba su yi rajista ba: abin da ka alkawarta ba shi suka tarar ba, ko shafin kamfanin ya buɗe da wani harshe, ko ƙasarsu ba ta cikin jerin. Sun yi rajista amma ba su zuba kuɗi ba: hanyar biyan da suka saba da ita babu, ko kuwa bonas ɗin kyauta kawai suka zo karɓa. Sun zuba sau ɗaya sun ɓace: mafarautan bonas ne, masu yawo daga kamfani zuwa kamfani.

A ce shafi ɗaya ya samu maziyarta 10,000, mutum 800 suka latsa, 6 suka zuba kuɗi. Wani kuma ya samu 900, mutum 120 suka latsa, 15 suka zuba. Na biyun ne ya cancanci ka kwana kana gyara shi, kana nemo 'yan'uwan kalmominsa. Sai dai kada ka yanke hukunci a kan latsawa talatin. Ƙananan lambobi na rawa, mutum biyu kacal na iya juya maka sakamako.

Tsarin biya ma yana bin niyya. Akwai CPA, inda ake ba ka ƙayyadadden kuɗi a kan kowane sabon mai zubawa, galibi da sharaɗin ya zuba wani mafi ƙarancin adadi. Akwai rabon riba, inda kake samun kaso, sau da yawa tsakanin 20 zuwa 40 cikin ɗari, na abin da kamfani ya ci daga mutanenka bayan an cire bonas da haraji da kuɗaɗen gudanarwa. Akwai gauraye. Mafarautan bonas a tsarin rabon riba ba sa kawo komai, a tsarin CPA kuma suna kawo kuɗi na 'yan watanni har kamfani ya duba littafinsa ya rage maka farashi ko ya sallame ka. Kafin ka sa hannu a rabon riba, duba ko ana ɗauko gibin wata a ɗora wa na gaba. In ana yi, ɗan wasa ɗaya da ya ci babban kuɗi na iya cinye maka la'adar watanni.

Niyyar da ba a mayarwa ciniki

In ka daɗe kana karanta jerin Search Console za ka fara cin karo da wasu kalmomi: "yadda zan dawo da kuɗin da na rasa", "caca don biyan bashi", "yadda ake buɗe asusun da na rufe da kaina", "kamfanonin da ba sa cikin GAMSTOP". GAMSTOP tsari ne na Birtaniya da aka fara a 2018, inda mutum ke sa sunansa don a hana shi shiga duk kamfanonin intanet masu lasisin ƙasar. Daga Maris 2020 ya zama dole a kan kowane kamfani. Sweden na da Spelpaus tun 2019, Netherlands na da Cruks tun 2021. Wanda ke neman hanyar kewaye waɗannan mutum ne da ya taɓa zama cikin hankalinsa ya ce a taimaka a tsare shi. Jarabar caca ciwo ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a kundin cututtukanta.

Maganar da ba a cika faɗa ba ita ce waɗannan kalmomin sun fi kowanne saurin zama rajista, kuma a tsarin rabon riba abin da ka samu wani yanki ne na abin da mutumin ya rasa. Don haka lambobinka za su riƙa tura ka wajensu, kuma duk manhajar da ka bar wa zaɓe can za ta kai ka. Akwai dandalin da suka gina kasuwarsu kacokan a kan wannan. Ni ban ɗauke su abokan sana'a ba.

Ko ta fuskar kasuwa ma abin ya taɓa ƙona kowa. A 2017 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallace da dillalai suka rubuta da siffar labarai, masu nuna mutum ya fita daga bashi ta hanyar caca. Kamfanonin aka kama da laifi, domin dokar can na ɗora wa kamfani alhakin abin da dillalinsa ya yi. A shekarar ce kamfanin caca na Sky Bet ya rufe shirinsa na dillalai gaba ɗaya, masu laifi da marasa laifi suka rasa abincinsu tare.

Abin yi a aikace ba shi da wuya. Ka gina shafi ɗaya da zai karɓi waɗannan kalmomin, babu mahaɗin la'ada ko ɗaya a cikinsa, babu talla a gefe. Ka sa layin taimako na ƙasar maziyarcin, hanyar shiga tsarin hana kai, manhajojin toshe dandalin caca irin su Gamban da BetBlocker, da bayanin cewa bankuna da dama na barin mutum ya toshe biyan kuɗi ga kamfanonin caca daga manhajarsu. Duk wanda ya buɗe wannan shafin a cire shi daga jerin waɗanda tallanka ke bi a baya, kuma daga jerin imel. In kana sayen talla a Google, wanda dama sai ya tantance ka ƙasa-ƙasa kafin ya bar ka ka tallata caca, sa "bashi", "rance", "dawo da asara" da sunayen tsare-tsaren hana kai a jerin kalmomin da tallanka ba zai fito a kansu ba. Haka za ka yi da duk abin da ke da ƙamshin yara: "ba tare da katin shaida ba", "ba a tambayar shekaru". Shekara 18 ce iyaka a yawancin ƙasashe, 21 a yawancin jihohin Amurka.

Shafuka kuma na sauya baƙi ba tare da ka taɓa su ba. Sharhin da ka rubuta don masu kwatantawa na iya wayar gari Google ya fara aiko masa masu neman kewaye toshewa, saboda jimla ɗaya da ka rubuta cewa kamfanin ba ya tsananta bincike. Shi ya sa kowane wata nake komawa Search Console, in ɗauki shafuka ashirin da suka fi kawo la'ada, in kwatanta kalmominsu na wannan watan da na wata uku baya, in karanta sababbin ɗaya bayan ɗaya. In irin waɗancan kalmomin sun ɓullo, a goge jimlar da ta jawo su, a sa mahaɗin shafin taimako a saman sharhin, sannan a sake dubawa bayan mako biyu.